Yadda ake gane katako mai gishiri a tsohuwar bindiga, da abinda za kayi in ka same shi

Akwai wata tsatsa da take cin wasu tsofaffin bindigogin farauta wadda duk man da zaka shafa ba zai hana ta ba, saboda ba daga waje take shigowa ba, daga cikin katakon bindigar take fitowa. Zaka ga bindiga a ido tas tas, ƙarfe na sheƙi, katako mai kyan zane kamar yau aka fito dashi daga kwali, amma ranar da aka raba katakon da ƙarfen sai a tarar duk inda suka haɗu ya ci rami rami, wani wajen har kusoshin sun ruɓe sun zama gari. Masu harkar a Amurka suna ce mata matsalar katako mai gishiri, kuma bindigogin kamfanin Browning da aka ƙera a Beljiyam wajen 1966 zuwa 1972 su ne suka fi shan wahalarta. Toh duk wanda ya gaji irin wannan bindiga, ko yake shirin saye, ko yake gyara ma mutane, ga yanda ake bi a gano ta da kuma abinda ya dace ayi bayan an gano.

Sai ka fara sanin yanda gishirin ya shiga, don shine zai nuna maka inda zaka duba. A shekarun 1960 kasuwar bindigogin Browning ta buɗe sosai a Amurka, masana'antar FN da ke Herstal kusa da birnin Liyej ce ke ƙera musu, katakon gindi kuma, wato wanda ake jinginawa a kafaɗa, na itacen walnot ne, musamman irin na Kalifoniya mai yawan zane wanda ake sawa manyan bindigogi masu tsada. Shi wannan itacen in an yanka shi ɗanye ne, sai ya yi shekaru yana shan iska kafin ya bushe yanda za'a sassaƙa shi, in kuma aka gaggauta shi a tanda sai ya tsattsage, mai zanen ma yafi saurin tsagewa. Sai aka kawo dabarar da kamfanin gishiri na Morton ya sayar, wato a jera guntayen katakon sama da sama a lulluɓe su da gishiri ya zuƙe ruwan jikinsu. Gishirin kam ya yi aikinsa, amma ruwan da ya zuƙo daga na sama ai dole ya gangara, sai ya zama ruwan gishiri mai kauri yana bi ta kan na ƙasa yana jiƙa su har cikin jijiya. Shi yasa ba duk bindigar shekarun bace take da matsalar, wadda katakonta ya fito daga saman jeri lafiya lau take, wadda nata ya kwana a ƙasa kuwa sai dai haƙuri, kuma a ido babu mai iya bambance su.

Abinda yasa shafa mai baya magani kuwa, shi gishiri yana jawo danshin iska ne, da zarar laimar iska ta haura kusan kashi 75 cikin 100 har narkewa yake da kansa, kamar dai yanda gishirin miya yake jiƙewa a kwano cikin watan Agusta ba tare da kowa ya zuba masa ruwa ba. Toh haka yake yi a cikin katakon, ya jawo ruwa ya narke ya tsattsafo ya kwanta akan ƙarfen da ke manne dashi, in rani yazo ya bushe ya jira wata damina. Kuma tsatsar gishiri ba irin jar tsatsar da take shimfiɗuwa a sama a goge ta bace, ita rami take haƙawa tana nutsewa ciki.

Mataki na farko tun kafin ka taɓa sukundireba, ka tabbatar babu harsashi. Ka ɓalle bindigar ko ka ja sakatarta baya, ka leƙa da ido ka sa yatsa, ka kwashe harsasai ka fitar dasu daga ɗakin gaba ɗaya. Bindigar gado da ta shekara ashirin a bayan katifa babu wanda zai rantse maka akan abinda ke cikinta. Sannan in a Najeriya kake ko Nijar ka san dai riƙe bindiga sai da lasisi, gado baya zama lasisi, ka fara gyara takardunka kafin ka ɗauke ta zuwa ko ina.

Na biyu ka gano shekarar da aka ƙera ta. A bindiga mai baki biyu ɗaya bisa ɗaya da ake kira Superposed, lambar jikinta tana ƙarewa da harafi da lambar shekara, S na mai girman baki 12 ne, V na 20, toh in kaga S7 a ƙarshe 1967 kenan, S8 kuma 1968, daga 1969 aka koma rubuta lambobi biyu kamar S69 ko S70. Banda Superposed akwai raifulolin farauta masu sakata, Safari da Medallion da Olympian, sai ƙaramar T-Bolt mai harsashi .22 wadda ita kam ta sha gishiri sosai duk da ba mai tsada bace. A cikin Superposed ɗin manyan aji irinsu Pigeon da Diana da Midas sun fi shiga haɗari don su ake zaɓa ma katako mai zane, amma ƙaramin aji ma bai tsira duka ba. In shekarar ta faɗa tsakanin 1966 da 1972 ka ɗauka akwai gishiri har sai gwaji ya wanke ta, in ta ɗan wuce da shekara biyu uku ma ka gwada, don katakon da aka sassaƙa aka ajiye ba lallai a ɗaura shi a shekarar ba. Kuma kar ka manta gindi yana iya ƙaura, wani ya cire daga wannan bindiga ya ɗaura ma waccan, don haka lamba jagora ce kawai.

Na uku dubawa da ido, a waje mai haske ko da tocila mai ƙarfi. Bi layin da katako ya haɗu da ƙarfe ko ina, gefen gidan kunama, jelar ƙarfen da ta kwanta ta sama da ta ƙasa, gefen katakon gaba inda ya rungumi bututu. Abinda kake nema siririn layin tsatsa ne ja ko baƙi daidai bakin katakon, ko katakon ya yi duhu a wajen kamar ya sha baƙin mai, ko fentin sheƙin da ke kansa ya kumbura yana ɓarewa ko ya yi fari fari a gefe. A raiful ka duba ƙusar da ta ratsa katakon ta gefe da 'yan ƙarafan da ake maƙala igiyar rataya, in kaga baƙin zobe ya kewaye su a jikin katako alama ce. In kaga an sake rina ƙarfen ko an sake fenta katakon a bindigar waɗannan shekarun, toh ka tambayi kanka me aka rufe.

Daga nan sai gwajin da yafi kowanne sauƙi, wato kusoshin murfin gindi, wancan farantin da yake taɓa kafaɗa. Sukurori biyu ne suke riƙe dashi kuma sun nutse cikin katakon tun ranar da aka ƙera bindigar, don haka su ne shaidun da suka fi kowa daɗewa a wajen. Amma dan Allah a kula da sukundireba, sukurorin Browning tsagarsu siririya ce ƙwarai, irin sukundireban kasuwa mai baki kamar gatari baya zama ciki, zai zame ya ɓata kan sukurun ya karce katako, ka samu wanda bakinsa ya cika tsagar daidai kauri da faɗi ko ka goge wani da zarto har ya zauna. Ka danna da ƙarfi ka juya a hankali. In ya fito fes ko da ɗan duhu kaɗan, alhamdulillahi alama mai kyau. In ya fito jajir, zaren jikinsa ya cinye, ko ya ƙi motsi sam, ko ya karye a ciki, toh kusan ka samu amsarka. In ya ƙi fitowa kar ka yi kokawa dashi, ɗiga masa man kwance tsatsa kaɗan akan kai ka bashi kwana biyu, ko ka ɗora bakin ƙarfen soda mai zafi irin na masu gyaran rediyo akan sukurun na ɗan lokaci ya ɗumama sannan ka sake gwadawa. Wani abu kuma, in kaga sukurori sababbi fil suna ƙyalli a bindiga mai shekara hamsin da wani abu, wannan ma abin tambaya ne, sai ka haska cikin ramin kaga ko bangonsa ya yi ja ko baƙi.

Yanzu sai gwajin magani, kuma nan ne nake so a nutsu don nan mutane suke ruɗa kansu. Maganin shine silba naitiret, duk wanda ya yi kimiyya a sakandare ya san shi, shine wanda ake ɗigawa a ruwa in akwai gishiri sai ya yi fari kamar nono. Ana samun sa wajen masu sayar da kayan ɗakin gwaji na makarantu da asibitoci. Ƙarfin kashi 1 cikin 100 ake so, wato giram 1 a cikin mililita 100 na tataccen ruwa, kuma wallahi kwata na wannan ma ya ishe ka gwada bindiga goma. Ruwan dole ya zama tatacce, ba na famfo ba, ba na rijiya ba, ba fiyawata ba, don duk waɗannan suna da ɗan gishirin da zai sa maganin ya yi fari tun a kwalba. Irin ruwan da ake ƙara ma batirin mota yana yi, amma ka tabbatar tataccen ruwan aka baka ba asid ba, don a bakin masu shago duka biyun ruwan batir ne. A zuba shi a kwalba mai duhu a ɓoye daga rana, a sa safar hannu ta roba da gilashin kare ido, yana baƙanta fata baƙin da sabulu baya fitarwa sai fatar ta saɓe da kanta, a ido kuma haɗari ne na gaske.

Kafin ka kai shi kan bindiga ka gwada maganin kansa. Narka ƙwayar gishiri biyu uku a cokalin tataccen ruwa ka ɗiga masa, ya kamata ya yi fari nan take, in bai yi ba maganinka ya mutu ko jabu aka baka. Sannan ka ɗiga a wani guntun busasshen katako mai tsafta kaga yanda babu take kama, don idonka ya san bambancin.

Wajen da za'a ɗiga a bindigar ya zama ɓoyayye kuma tsirara, babu fenti babu mai. Ƙarƙashin murfin gindi yafi, don nan ƙarshen jijiyoyin katakon suke, sai cikin ramin katakon gaba inda bututu yake kwanciya. Ka kankare ɗan waje kamar faɗin ƙwayar wake da wuƙa mai tsafta har sabon katako ya bayyana, kar ka taɓa wajen da yatsa, zufa gishiri ce, bindigar da ta sha hannu da kafaɗa shekara da shekaru samanta zai iya nuna gishirin da ba na ciki ba, shi yasa ake kankarewa. Ɗiga ɗigo ɗaya ka zuba ido. In ya yi fari kamar madara ko ya yi kamar an barbaɗa alli cikin ɗan lokaci, akwai gishiri. In ya zauna garau ko ya ɗan yi shuɗi shuɗi mai haske, babu a wannan wajen. Ka karanta sakamakon a minti ɗaya biyun farko a inuwa, don in ya daɗe a haske komai zai koma duhu ka kasa gane komai. Kuma kar ka tsaya a waje ɗaya, gishirin ba daidai ya ratsa ba, gefe ɗaya na katako zai iya zama cike ɗayan babu, ka gwada wurare uku ko huɗu, sannan gindi daban katakon gaba daban tunda ba lallai daga itace ɗaya suka fito ba. Kar maganin ya taɓa ƙarfe, in ya ɗiga ka goge da sauri ka shafa mai.

A ganina ma ƙarfen yafi maganin faɗin gaskiya. Bindigar da ta haura shekara hamsin katako na manne da ƙarfe, aka buɗe aka ga babu tabo ko ɗaya, wannan shaida ce mai ƙarfi. Inda take yaudara shine in ta yi rayuwarta a busasshen waje irin jihar Arizona ta Amurka, gishirin yana nan kwance bai samu ruwa ba, ranar da ta koma waje mai laima sai ya farka. Mu ma nan haka ne, abinda ya yi shiru a hunturun Agadas ko Sakkwato ba lallai ya yi shiru a daminar Kaduna ba balle Legas ko Kumasi.

Toh an gwada ya nuna akwai. Abu na gaba kar a kwana, a raba katako da ƙarfe. A raiful mai sakata abin da sauƙi, manyan sukurori ne ta ƙasa wajen gadin kunama, in an kwance su ƙarfen gaba ɗaya yana ɗagowa. A Superposed akwai doguwar ƙusa da ta bi ta cikin gindi, sai an cire murfin ake kaiwa gareta da dogon sukundireba, kuma sai an fara kwance jelar gadin kunama. A nan a yi hattara, in bakin sukundireban ya zame ya shiga tsakanin kan ƙusar da bangon ramin ka murɗa, gefen katakon zai tsage. Katakon gabanta kuma ba irin na sauran masu baki biyu bane da ake ɓallewa a ajiye gefe, shi zamewa gaba yake ya zauna a jikin bututu, sai an kwance ƙusar da ta ratsa shi yake fita, shi yasa tsatsar ƙarƙashinsa take daɗewa ba'a gani ba. Ka ɗauki hoto da waya a kowane mataki, ƙananan kaya ka zuba su a gwangwani daban daban. In baka taɓa buɗe irinta ba, gaskiya kai ta wajen mai gyaran da ke da izini yafi, kuɗin aikinsa bai kai kuɗin abinda zaka ɓata ba.

Ƙarfen kuma ba mai ake fara sa masa ba, wanke gishirin ake fara yi, don gishiri baya narkewa a mai, in ka shafa mai akan rami ka rufe shi ne kawai a ciki ya cigaba da aikinsa. Ka fara cire tsohon maiƙo da kananzir ko tina, ka barshi ya bushe, sannan ƙananan ƙarafan da gidan kunamar da aka warware a tafasa su a tataccen ruwa kamar minti ashirin zuwa talatin. Tafasar tana aiki biyu, tana narkar da gishirin da ya maƙale a ramukan, kuma tana juya jar tsatsa ta koma baƙa mai laushi da take goguwa. Ka zubar da ruwan ka sake sabo, kuma ga dabara, ɗebi cokali ɗaya na ruwan tafasar ka ɗiga masa maganin nan, in ya yi fari da sauran gishiri a sake, in ya zauna garau an gama. Da ka tsamo ƙarfen da zafinsa zai bushe da kansa, ka hura ramukan sukurori, ka goge da soson ƙarfe mafi laushi mai lamba 0000 ko burushin tagulla, ba irin soson wanke tukunya ba, sannan nan take ka jiƙa shi da mai kafin ya huce. Bututu dogo ne baya shiga tukunya, kuma na mai baki biyu akwai siraran ƙarafa da aka like tsakani da dalma, in ruwa ya shige ƙarƙashinsu ka sayi wata matsalar, wannan a barwa mai gyaran da ke da kayan aikin.

Abubuwan da ba'a yi, kar a jiƙa da asid ko binega ko ruwan lemun tsami, zasu cinye baƙin rinin ƙarfen gaba ɗaya. Kar a kai wa mai garanda, kar a bi zanen da aka sassaƙa a jikin ƙarfe da samfefa, wannan zanen da hannu masu sassaƙa na Beljiyam suka yi shi kuma rabin kuɗin bindigar a nan yake. In za'a sake rina bututun mai baki biyu kar a tsoma shi a tafasasshen rinin soda mai zafi, yana cin dalmar ya saki haɗin, rinin tsatsa na a hankali ake masa.

Bayan an wanke sai a duba zurfin ɓarnar, don ita zata faɗa ko bindigar ta harbi ce ko ta ajiya. Rami a gefen gidan kunama ko a jela yawanci muni ne kawai, ƙwararru suna cike shi da walda su goge su maido zane. Amma rami a jikin bututu ƙarƙashin katakon gaba wani zance ne, bututun bindigar tsuntsaye irin Superposed siriri ne dama, rami kaɗan ya isa ya rage kaurinsa har ya zama haɗari, haka ma rami kusa da ɗakin harsashi ko wajen da sakata take kullewa a raiful. Wannan ba da ido ake yanke hukunci ba, akwai ma'aunin kaurin bango, a auna. In babu mai aunawa a kusa toh kar a harba, kuma kar wani mai waldar bakin titi ya ce zai toshe maka ramin bututu, fuskarka da yatsunka ne a wajen.

Sai babbar tambaya, katakon fa, ana iya cire masa gishirin? Amsar da masu aikin suka tsaya akai itace a'a. An gwada jiƙa shi a ruwa ana canzawa, sai ya kumbura ya karkace ya tsage kuma in ya bushe gishirin can ciki ya sake tsattsafowa. Maganin gaske sabon katako ne, kamfanin da kansa ma abinda ya riƙa yi ma waɗanda suka sayi bindigar sabuwa kenan, ya canza musu gindi. In gindi da gaba duka sun nuna a canza duka, in ɗaya ne toh ɗayan a sake gwada shi da kyau kafin a yarda dashi. Sabon katakon ya zama busasshe na gaske, jijiyarsa ta bi tsawon wuyan gindin inda hannu yake kamawa don nan yake karyewa, kuma inda ya haɗu da ƙarfe ya zauna daram ko ina, in gefe ɗaya ne yake ɗaukar bugun harbi zai tsage komai kyansa. Shima ka ɗiga masa maganin kafin a ɗaura, musamman in tsohon gindi ne aka samo a gwanjo, don gindunan da aka cire saboda gishiri basu ɓace daga duniya ba, suna nan suna yawo a kasuwa. Sukurori da duk ƙaramin ƙarfen da ya zauna cikin tsohon katakon a canza su ko a tafasa su kamar sauran.

In babu halin sabon katako yanzu, akwai dabarar jinkiri, amma ka riƙe a ranka jinkiri ne. Ana kankare duk cikin katakon inda yake taɓa ƙarfe har ramukan sukurori, a shanya shi a inuwa ya bushe sosai, lokacin hunturu yafi dacewa, sannan a shafe da gam mai haɗi biyu irin Araldite mai jinkirin kamawa, shafi biyu ko uku sirara, kar ya yi kaurin da ƙarfen zai ƙi zama. Ƙarfen kuma a shafe ɓangaren da zai ɓuya da kaki ko giris mai kauri. Wasu sun samu shekaru da wannan, wasu kuma damina biyu tsatsa ta dawo, saboda katako yana numfashi yana motsi, bugun harbi kuma yana tsaga shafin a inda ido baya gani. Don haka in ka bi wannan hanyar sai ka riƙa buɗewa kana dubawa, farkon damina da ƙarshenta aƙalla, in kuma ba amfani kake da bindigar ba ka ajiye katako daban ƙarfe daban shikenan, kar a cikin jakar fata ko mai soso a ciki don suna riƙe laima.

Tsohon katakon da aka cire kar ka jefar in bindigar mai daraja ce, masu tara kayan tarihi suna son ganin na asali ko da ba zai hau ba. Ka ƙulle shi a leda, ka rubuta a jiki da babban baƙi cewa mai gishiri ne tare da lambar bindigar, ka ajiye shi nesa da duk wani ƙarfe. In ka tashi sayarwa ka faɗa ma mai saye gaskiya, ɓoye aibin kaya haramun ne kuma wannan aibin yana iya raunata mutum. In kai ne mai sayen kuma, ka nemi a kwance murfin gindi a gabanka a zame katakon gaba ka haska, wadda aka riga aka canza ma gindi ka nemi takardar aikin ka kuma duba ƙarfen da ke ƙarƙashi ko an cike ramuka, ka cire kuɗin sabon katako da gyaran ƙarfe daga farashin kafin ku fara ciniki. Mai kayan da ya ce ba za'a taɓa masa sukuru ko ɗaya ba, ka bar masa abinsa.